Ƙeyar Yayana a Bangon Mutafi

Idan ka hau hafla, ƙaramar bas ta haya, daga Kalakla za ka shiga gari, ka zauna ta hannun dama. Kafin a kai kasuwa za ka ga sabon gidan 'yan kashe gobara, mutafi muke ce musu a nan, da jar ƙofarsa da dogon bango mai zane. Mutum biyar ne a jikin bangon. Huɗu suna kallonka. Na biyar ya ba ka baya. Wannan da ya ba ka bayan yayana ne, kuma ni na juya shi, da bakin nan nawa.

Ni kumsari ne, kwandastan hafla. Makaranta na bar ta a aji bakwai, ko ita ta bar ni, har yau ba mu zauna mun tantance ba. Abin da na iya shi ne surutu. Ina rataye a ƙofa, ina ƙyasta yatsa, ina zolayar fasinja da Larabci, ina zaginsu da Hausa ina murmushi, su ce amin. Direbana yakan ce in da bakina inji ne da motarmu ba ta taɓa shan mai ba.

Iyayenmu a Jazira suka taso, cirar auduga. Da suka gaji da durƙuso suka dawo Kalakla, Baba ya kama dako a kasuwa, bai daɗe ba ya rasu. Ya bar Inna da mu biyu da ƙannenmu mata. Yayana shi ne ɗan fari, kuma duk labarin nan daga nan ya fito.

Ban san yadda ake yi a Kano yanzu ba, ban taɓa zuwa ba. Amma tsofaffinmu da suka ɗauko kunyar ɗan fari a ka suka ƙetaro da ita, sun riƙe ta da hannu biyu, ina jin har ta fi ta can ƙarfi. Inna ba ta taɓa kiran sunan yayana ba. Ba ta kallon fuskarsa in da mutane. Ba ta yi masa magana kai tsaye. Ana yaye shi Kaka ta ɗauke shi zuwa Jabal Awliya, can ya girma a bakin madatsar ruwa, yana ɗaukar kwandon kifi yana iyo kamar tarwaɗa. Sai da ya zama saurayi ya dawo gidanmu. Shi ya sa a bakin Inna sunansa "na Jabal". Mai kantin layinmu sunansu ɗaya, shi ma Allah ya jarrabe shi, shekara da shekaru "mai kanti" take ce masa, ko gaisuwa za ta aika.

To mutum biyu a gida ɗaya ba sa magana, dole a samu waya. Ni ne wayar.

Inna tana bakin murhu, yayana yana kan angarib, gadon igiyar nan, tsakaninsu bai fi taku huɗu ba. Sai ta ce, "Kai, ka tambayi na Jabal ko ya ci abinci."

Sai in juya in ce, "Yaya, Inna ta ce kai kaɗai ka cinye rabin tukunya jiya, yau ka yi haƙuri."

Shi kuma ya ce, "Ka gaya wa mutanen gidan na ƙoshi, Allah ya saka."

In juya in ce, "Inna, ya ce miyar ba gishiri."

Duk suna ji. Duk sun san ƙarya nake. Yayana ya jefe ni da takalmi, Inna ta ce, "Ɗan nema," tana kallon wuta, amma ina ganin kumatunta yana motsi. Ban taɓa kai saƙo ɗaya yadda aka ba ni ba. Ina ganin aikina ke nan, in sa gishiri. A lokacin na ɗauka ni ne nake raya gidan.

Yayana ya sha wuya kafin ya shiga mutafi. Irinmu, kafin a ba ka takardar zama ɗan ƙasa sai an tambaye ka kakanka, da kakan kakanka, da jakin da ya hau ya zo. Shekara biyu yana zarya da fayil a hammata. Ni ko gwadawa ban yi ba, na ce ƙofar hafla ba ta tambayar takarda. Ranar da ya shigo gida da kakinsa da hular kwano a hannu, layinmu gaba ɗaya ya fito. Mai agashe na bakin titi ya aiko da tsire kyauta. Inna tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ta ce, "Ka ce wa na Jabal kada ya riƙa fita aiki cikinsa wayam."

Na ce, "Yaya, ta ce hular nan a ba ta aro in za a yi ƙosai."

Shekara huɗu ya yi yana aikin.

Ranar da abin ya faru muna kan hanya da azahar, mota cike. Daga nesa muka hango hayaƙi baƙi ƙirin ya tashi ta wajen Omdurman, ya tokare sama. Fasinjoji suka leƙa taga suna salati. Ni kuwa na ce, "Ku kwantar da hankalinku, mutanen Omdurman ne suka ɗora wake suka tafi biki." Aka yi dariya, har wata tsohuwa ta dake ni da jakarta. Wata kasuwa ce ta kama, layin masu katifa da yadi. Yayana ya shiga wata rumfa da aka ce akwai mutum a ciki, rufin ya sauko. Lokacin da nake maganar waken nan, na lissafa daga baya, yana ƙarƙashin rufin.

Zaman makoki kwana uku aka yi. Maƙwabtanmu Larabawa suka shigo da kuka tun daga bakin ƙofa, suna rungume juna, suna kiran sunansa da ƙarfi kamar zai amsa. Inna tana zaune a kan tabarma, carbi a hannu, idonta a bushe. Wanda ya yi mata gaisuwa ta ce, "Sai haƙuri." Shi ke nan. Na ji wata tana raɗa wa wata a bayan randa cewa matar nan zuciyarta dutse ce. Da wani ne ya faɗa a hafla da na wanke shi tas. Ranar na ƙyale ta, don ni ma abin da nake faɗa a cikina ke nan. Na san al'adar, a cikinta aka haife ni. Amma na ce ai ko al'ada ta ga gawa ta ɗaga ƙafa.

Daga nan gidan ya yi shiru. Waya ba ta da aiki in layi ɗaya ya yanke.

Bayan shekara da wani abu aka gama ginin sabon gidan mutafi a hanyarmu. Wani askari, ma'aikacin mutafi mai kaki, ya kawo takarda gida. Na karanta ta da kyar, ina tsallake manyan kalmomi. Wai za a yi zane a bangon da ke kallon titi, na mutum biyar da suka mutu a bakin aiki, da yayana a ciki. An kafa lajna, kwamiti ke nan, ita za ta duba zanen ta amince. Askarin ya yi mana ƙarin bayani a tsaye. Wai an sha rigima a lajnar, wasu suna so a yi fuskoki, limamin da ke cikinsu ba ya son hoton mutum a bango sam. Da aka ja aka ja sai aka tsaya a tsakiya: za a sa fuskar mutum in uwarsa ko ubansa ko matarsa ta zo gaban lajna, ta dubi zanen, ta faɗi sunansa, ta ce ta yarda. Wanda ba a yi wa haka ba, ba fuska.

Yayana bai yi aure ba. Baba ya rasu. Kaka ma ta riga yayana rasuwa da shekara guda. Saura Inna.

Na ba askarin katin shaidar yayana don a kai wa mai zane, shi ne kaɗai hotonsa da muke da shi. Na fara hango abin a raina. Fuskar Bahaushe a bangon gwamnati, a kan babban titi, inda duk mai shiga gari zai gani. Duk wanda ya taɓa ce mini Fallata, sunan da suke kiran irinmu da shi, a ƙofar hafla yana yatsine baki, zan nuna masa da yatsa in ce ga Fallata can, gaishe shi.

Na ce, "Inna, za ki je?"

Ta ce, "An kira ni, ba sai in je ba?"

Ban tambaye ta yadda za ta yi in an zo wajen suna ba. Ya kamata in tambaya. Kwana shida nake da su, da na je na samu babban jami'in mutafi na yi masa bayani a gefe. Ban je ba. Na ce a raina, ai wannan karon za ta faɗa, dole ta faɗa. Gaskiya ma so nake in ji ta faɗa. So nake a matse ta.

Ranar da hantsi muka je. Ɗakin yana warin sabon fenti, fanka tana juyawa a sama. Lajna tana bayan dogon tebur: janabu, babban jami'in mutafi, da taurarinsa a kafaɗa; wani mai tumbi daga ƙaramar hukuma; liman; da wata malamar makaranta mai tabarau da ke rubutu. A gefe mai zanen yana tsaye, wani dattijon Omdurman siriri, jallabiyarsa duk ɗigon fenti. Ya jingina kwalaye biyar a bango, kowanne da fuska da aka zana da gawayi.

Ina shiga na gan shi. Na uku daga hagu. Daga ɗan hoton kati mai kamar tambarin wasiƙa dattijon nan ya fito da yayana sak, har da yadda yake ɗan ɗage gira ɗaya in yana jiran ƙaryar da zan yi. Na dafa kujera.

Aka fara kira. Uwa ta farko ta tashi, tana ganin kwalin ta rungume shi, tana kiran sunan ɗanta tana sumbatar gawayin har ya ɓata mata tob, mayafin da ta lulluɓa. Ta biyu matar aure ce da jariri, ta faɗi suna, ta ce ta yarda, ta zauna. Kowa a ɗakin yana share ido, har mai tumbin.

Aka zo kanmu.

Janabu ya tausasa murya, ya ce da Larabci, "Ya Hajja, matso ki duba. Wannan ɗanki ne?"

Inna tana jin Larabci, na kasuwa dai, amma tana ji. Ta tashi tsaye. Ta ja tob ɗinta ya rufe rabin fuskarta. Ta kafa ido a kan siminti, daidai gaban yatsun ƙafarta.

Janabu ya sake cewa, "Ki duba, ki faɗa mana sunansa, ki ce kin yarda. Shi ke nan abin da muke so."



Sai ta ɗan karkato wajena, ta ce da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Ka ce musu ɗan kakarsa ne. Ni ba ni da ta cewa. Abin da suka yi daidai ne."

Kun ji fa. Abin da suka yi daidai ne. Ta yarda ke nan, da irin yardarta. Aikina kawai in juya in ce: janabu, a wajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta kallonsa a gaban jama'a, kunya ce, girmamawa ce, ta ce ta amince. Numfashi biyu ya isa.

Amma ɗakin ya zuba mana ido. Na ji wani a bayana ya ce wa na kusa da shi, "Mutanen nan fa sai a hankali." Na ga matar da ta ɓata tob da gawayi tana kallon Inna kamar ta ga abin tsoro. Na hango kaina ina bayanin al'adarmu a gaban taurarin nan, ana gyaɗa kai, a fita a yi ta ba da labari a wajen mai shayi. Kuma ina jin haushin Inna, haushin tun ranar makoki. Ni kuwa tun ina yaro in wuri ya yi mini zafi abu ɗaya na sani.

Na ce, "Janabu, Hajja ta ce wannan ya fi ɗanta kyau. Nata baƙi ne kamar gindin tukunya, kunnuwansa kamar ƙofar hafla a buɗe. Ta ce wannan ɗan wasu ne."

Aka yi dariya. Wallahi aka yi. Irin dariyar da ke kuɓuce wa mutanen da suka gaji da kuka. Na ji daɗinta ma, na ɗan lokaci, kamar kullum.

Janabu bai yi dariya ba. Ya dubi Inna ya ce, "Hajja, haka ne? Ba shi ba ne? Ɗago ki duba sau ɗaya."

Inna ta ƙara jan tob.

Liman ya gyara zama ya ce, a hankali, ba da mugunta ba, "Kun gani. Uwa ba ta so. Mun yi alkawari ba za a tilasta wa kowa ba."

Na ce, "A'a, janabu, wasa nake, ita cewa ta yi..."

Ya ɗaga hannu. "Ya walad, nan ba cikin hafla ba ne. Ka faɗi magana, yanzu ka ce wasa ce. Wacce za mu rubuta? Ita mun tambaye ta sau uku." Ya juya wajen malamar. "Rubuta: iyali ba su amince da fuska ba. Na gaba."

Na ga alƙalamin yana tafiya. Mai zanen ya ɗauki kwali na uku ya juya shi, fuskar ta koma bango. Kafin azahar lajna ta amince da zanen: mutum biyar, fuska huɗu. Kowa ya sa hannu.

A hanyar gida Inna ko zagina ba ta yi ba. Da ta zage ni da na samu sauƙi. Sai da muka kai ƙofar gida ta ce, ba ta dube ni ba, "Abin da na ba ka ke nan ka kai?"

Ban ci abinci ba ranar. Washegari na koma gidan mutafi. Bayan kwana biyu na sake komawa. Janabu ya gan ni sau ɗaya, a tsaye a baranda, na yi masa bayanin duka, tiryan-tiryan, ba gishiri. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Me ya hana ka faɗi haka a ciki?" Ya ce takarda ta riga ta hau sama da sa hannun mutum huɗu, kuma in aka buɗe maganar fuska kuma, liman zai buɗe tasa, a rasa duka huɗun. "Kana so in cire wa iyalai huɗu nasu saboda bakinka?" Na ce a'a. Ya dafa kafaɗata ya shige.

Na fito na tsaya a bakin bangon. An kafa katakai, dattijon yana sama yana shafa farar ƙasa. Ya leƙo ya ce, "Kai ne mai gindin tukunya."

Na ce ni ne.

Ya sauko, ya aika aka kawo shayi biyu, muka zauna a kan bokitin fenti. Ban san dalili ba, na kwashe komai na gaya masa, har da maganar wake. Bai yi dariya ba, bai kuma yi mini wa'azi ba. Ya daɗe yana juya kofinsa.

Ya ce, "Takarda ta ce mutum biyar, fuska huɗu. Ba ta ce in yi masa kai kamar ƙwai ba. Zan juya shi. Huɗun suna fitowa, shi yana shiga." Ya dube ni sama da ƙasa. "Tsayinku ɗaya?"

Na ce kusan.

"Gobe ka zo ka ba ni baya."

Kwana uku ina zuwa kafin in kama aiki. A ara mini kaki da hula daga ciki, in tsaya ina kallon bango, tiyo a kafaɗa, dattijon yana bayana yana zana ni. Askarawa suna wucewa suna cewa ga sabon ma'aikaci, wuta ta shiga uku. Na ci gaba da kallon bangona. Suka gaji suka daina.

Sati biyu zanen ya tashi. Wuta ja da ruwan ɗorawa ta cinye gefen dama na bangon. Mutum huɗu sun fito daga cikinta, fuskokinsu suna sheƙi. Na biyar yana taku zuwa ciki. Kowa ya ce ya yi kyau. Ni in na duba bayan kaina nake gani, bayan maƙaryaci sanye da kayan yayana.

Ban gaya wa Inna komai ba. Amma Kalakla ba a ɓoye abu. Wata safiya ta ce in raka ta sayen kuɓewa busasshiya, wai ta kasuwar can ta fi ta layinmu. Ba ta fi ba, buhu ɗaya ake rabawa. Muka hau hafla. Muna kawowa daidai gidan mutafi ta ƙyasta yatsa da kanta, mota ta tsaya.

Muka ƙetara, ta tsaya a wancan gefen titin, ƙarƙashin wata bishiyar maina. Ta ɗaga kai. Tun da nake ban taɓa ganin ta dubi wani abu na yayana haka ba, ido buɗe, ba tob a fuska. Ai ya ba ta baya. Ba mai cewa ta kalli fuskar ɗan fari.

Ta daɗe. Motoci suna wucewa tsakaninta da bangon. Dattijon yana kan katakai yana ƙarasa takalman na biyu, ya hango mu, ya ajiye burushi.

Sai ta ce, "Wannan ba na Jabal ba ne. Kai ne."

Na ce, "Ni ne, Inna."

"Ka kira mini mai zanen."

Ya ƙetaro yana goge hannu a jallabiya. Ya gaishe ta, ta amsa. Sannan ta juyo wajena, ta dube ni cikin ido, ta ce, "Ka faɗa masa yadda na faɗa."

Na ce to.

"Ka ce masa kafaɗar hagu ta fi ta dama sauka. Kwandon kifi ne ya danne ta tun yana ƙarami, ba ta koma ba."

Na faɗa.

"Ka ce wuyansa ya fi wannan tsawo, kuma akwai wani rami a tsakiyar ƙeya, nan, inda gumi yake taruwa. Bayan kunnen dama akwai tabo kamar ƙwayar wake, faɗuwa ya yi daga amalanke yana shekara uku, ranar da aka zo da shi Jazira gaisuwar salla. Hular ba ta rufe shi, a ƙasanta yake."

Na faɗa.

"Ka ce ba ya tsayawa ƙafa a haɗe haka. Ta dama tana buɗewa waje, shi ya sa dugadugin takalminsa na dama yake cinyewa ta gefe. In zai fita yakan sunkuyar da kai kaɗan, ko ƙofar tana da tsawo, don ƙofar kakarsa gajera ce, ya saba. Hannun hagu kuma ba ya sakinsa, yana naɗe yatsu kamar ya riƙe wani abu."

Ta yi ta faɗa. Ni na kwana ɗaki ɗaya da mutumin nan shekara goma, ban san rabin abin da ta lissafa ba. Ina fassarawa ina ganin ƙofar gidanmu, da murhu a inda yake, daidai inda in mutum ya zauna yana fuskantar wuta, wutsiyar idonsa tana kan zaure. Kullum da safe yana fita, ita tana can. Ashe duk ranar Allah sai ta raka shi har ya sha kwana.

Kalma ɗaya ban ƙara ba, ɗaya ban rage ba. Shi ne saƙo na farko da na kai daidai a rayuwata, kuma wanda aka yi saƙon dominsa ba ya nan.

Dattijon bai rubuta komai ba, yana dai gyaɗa kai. Da ta gama ya ce, "Hajja, ki dawo bayan kwana uku."

Ta ce da ni, "Mu je, kuɓewar za ta ƙare."

A hanya na ga tana goge ido da bakin tob. Ta ce ƙura ce. Na ce e, Inna, yau akwai ƙura. Ba ƙura ranar, an yi yayyafi da asuba.

Bayan kwana uku na je ni kaɗai. Na tsaya ƙarƙashin mainar nan na ɗaga kai, sai na ji bakina yana shirin cewa "Yaya". Kafaɗar ta sauka. Kan ya ɗan sunkuya. Ga tabon, ɗan ɗigo, sai wanda ya san da shi zai gani. Shi ne, yana fita daga gida, zai je ya dawo a ba ni saƙo in ɓata.

Dattijon ya naɗe kwalin fuskar nan ta gawayi ya ba ni, da katin shaidar a ciki. Na kai gida na ajiye a kan angarib ɗin Inna. Da na dawo da yamma babu shi. Ban tambaya ba, ba ta faɗa ba.

Ranar buɗe gidan an yi taro, an kafa rumfa, an busa jiniya. Iyalan huɗun suka tsaya kowa ƙarƙashin fuskar nasa ana ɗaukar hoto. Inna ba ta je ba. Ni na je na tsaya can baya. Wani yaro ya tambayi ubansa, wancan me ya sa ba ya kallonmu? Uban ya ce wataƙila ba a san ko wane ne ba. Ina jin su. Bakin nan nawa da ba ya rufuwa, ya rufu.

Abin da na so ban samu ba. Ba wanda zai wuce ya ga fuskar yayana ya san Bahaushe ne, ya san ɗan layinmu ne. Ba wanda zan nuna wa da yatsa. Ni na yi wannan, kuma bangon yana nan, sau takwas nake wuce shi a rana, in an samu fasinja sau goma. Har yanzu ina zolayar mutane, abincina ke nan. Amma daga kwanar gidan mai zuwa ƙarshen bangon ba na magana. Fasinjojin da suka saba sun sani, su ma sukan yi shiru.

Inna kuwa yanzu kuɓewar layinmu ba ta yi mata. Duk Alhamis sai ta shiga motarmu, ta zauna ta hannun dama, jikin taga. In mun kusa sai in buga ƙofa da tafin hannu, direba ya taka birki. In sauka in tsaya a bakin titi ina kiran fasinja, ina ɗaga hannu ga wani da ke zuwa daga nesa.

Direba ya leƙo ya ce, "Ya zol, wa kake jira? Ba kowa a titin nan."

In ce, "Yana zuwa, ga shi can, ɗan dakata."

Ba na duba wajen tagar. Ina dai tsaye ina kiran mutumin da babu, har sai na ji ta ƙyasta yatsa a hankali, sannan in hau mu tafi.